Kafin a zuba kwalta: yadda ake fitar wa keke hanya a sabon rukunin gidaje a Birnin Kebbi

Ranar da aka damƙa mana makullan gidaje a rukunin da nake zaune, can bayan gari ta wajen hanyar Kalgo, ba wanda ya ɗauko zancen keke. Hankalin kowa na kan rijiyar burtsatse da taransifoma da tsayin katanga, har da ni. Sai da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin kabu-kabu ya bi bayanta, sannan na zauna na lissafa abin da kai yaro makaranta da ɗauko shi ke ci a wata. Washegari na shiga kasuwa na sayo masa keke na hannu. Bai yi sati ba ya dawo da gwiwa a ɗaye, wando a yage. Tifa ya kauce wa, tayar gaba ta nutse cikin yashin gefen titi, shi kuma ya zarce cikin lambatu. Tsakanin ƙofarmu da makarantar bai cika kilomita 2 ba.

Abin da ya jefa ni kwamitin unguwa ke nan. Allah ya sa a lokacin ana shirin yanka kashi na biyu na rukunin, fili fetal, sai turaku da igiya. Abin da zan zayyana nan na koye shi ne tsakanin kashin farko da muka gada yadda yake da na biyun da muka samu bakin magana a kansa. Mai gina gidaje ya sayar zai amfana da shi, haka ƙungiyar ma'aikata da ta haɗa kuɗi ta sayi gona za ta yanka wa 'ya'yanta, haka wanda aka ɗora wa shugabancin sabuwar unguwa. In faɗa tun yanzu, fenti shi ne na ƙarshe a wannan aiki. A garin nan hanyar keke tana farawa ne da filin da aka hana sayarwa.

Fara da zama a bakin hanya

Kafin ka taɓa taswira, ɗauki kujera da ɗan littafi ka zauna inda sabon filin ya haɗu da tsohuwar hanya. Daga bayan asuba zuwa ƙarfe 8, sannan daga la'asar zuwa magariba, kwana biyu ko uku, ciki har da ranar kasuwa. Rubuta wanda ya wuce da abin da ya hau da inda ya nufa.

Za ka sha mamaki. Ni da na zauna, 'yan boko ba su ne suka fi yawa ba. Magina ne da leburori masu zuwa aiki, da masu gadi masu komawa gida, da manoma da suka ɗaure fartanya a jikin keke suka nufi fadama, da almajirai, da 'yan ga-ruwa masu tura kura cike da jarkoki, da wani bawan Allah mai keken guragu da ke wucewa kullum ƙarfe bakwai da rabi. Waɗannan biyun na ƙarshe ka riƙe su a ranka, domin su za su yanke maka faɗin hanya. Duk inda kurar ɗan ga-ruwa da keken guragu suka wuce ba wahala, keke mai taya biyu ya huta.

Daga nan ka zaga filin da ƙafa, ka nemi turbar da sawun mutane ya riga ya fitar cikin ciyawa. Ita ce ke nuna maka gajeriyar hanya zuwa masallacin Juma'a, makaranta, bakin titi da rijiya. Mai keke a tafiyar da ba gaggawa yana cin kamar kilomita 15 a awa, wato kilomita 5 cikin minti 20, saboda haka nisa ba shi ne damuwarsa ba a gari irin namu mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Zagaye ne ke ƙona masa rai, musamman a watan Afrilu da zafi ke haura 40 a ma'auni.

Kama taswira tun tana hannun safiyo

Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, kuma shimfiɗar sabuwar unguwa sai ta bi ta ma'aikatar filaye da hukumar raya birane ta jiha, KUDA, kafin ta zama halastacciya. Amfanin sanin wannan gare ka ɗaya ne: akwai ɗan lokaci tsakanin ranar da safiyo ya zana da ranar da aka buga hatimi aka dasa duwatsun iyaka. A cikin wannan ɗan tsakanin, ƙara wa titi mita 3 aikin fensir ne. Da zarar fuloti ya samu lamba an karɓi kuɗin mutum, mita ɗaya ma sai an je gaban uban ƙasa, wani lokaci har kotu.

Nemi kwafin taswirar, ka ɗora turbobin da ka gani a kanta da jan biro. Idan za ka tunkari mai filin, kada ka je masa da wa'azin lafiyar jiki ko gurɓatar iska, ba zai saurare ka ba. Ni abin da na ce wa namu shi ne, “Alhaji, wanda zai sayi gida nan yana da yara huɗu ko biyar. In ka nuna masa za su je boko da islamiyya ba tare da ya biya ɗan kabu-kabu ba, ka sayar da gida.” Ya yi shiru, ya ce a kira safiyo.

Ba kowane titi ke son hanyar keke ba

Nan mutane ke ɓata kuɗi. Titunan rukunin gidaje iri biyu ne, kuma maganinsu ya bambanta.

Akwai titin cikin layi, wanda ba mai binsa sai mazauninsa da baƙonsa. Wannan ba ya buƙatar a ware wa keke gefe. Abin da yake buƙata shi ne mota ta kasa gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, domin wanda aka buge a wannan gudun galibi yana tashi, wanda aka buge a 50 kuwa abin ya fi muni nesa ba kusa ba. Allo ba ya rage gudu, ginin titin ne ke ragewa. Idan an bar mita 12 tsakanin katanga da katanga, kada kwaltar ta wuce mita 5.5 zuwa 6, sauran a bar wa masu tafiya da ƙafa da itatuwa. Kada layi ya miƙe ɗoɗar fiye da mita 150 ba kwana ba tudu.

Maganar tudun rage gudu kuwa, a kashin farko kowa ya yi nasa. Wani ya gicciya gungumen dogon yaro, wani igiyar jirgi, wani ya sa birkila ya yi masa kunyar siminti mai kaifi kamar bakin gatari. Irin wannan yana lanƙwasa gargaren keke, yana zubar da jarkar ɗan ga-ruwa, mai babur kuma sai ya faɗa gefen da yara ke tafiya don ya kauce masa. Tudun kirki tsayinsa santimita 7.5 zuwa 10, amma shimfiɗarsa ta kai kusan mita 3.7, ya hau a hankali ya sauka a hankali, ya kuma cika faɗin kwaltar daga gefe zuwa gefe. Keke zai haye shi bai ji ba, mota mai gudu ce za ta ji a jikinta. A jera su tsakanin mita 60 zuwa 100.

Sai babban titin da ya ratsa rukunin, wanda tifa da tankar ruwa da keke napep da kowa ke bi. Wannan ne kaɗai ke son a raba, kuma zan zo kansa.

Lungu

Idan kuɗinka ba zai isa komai ba sai abu ɗaya, to wannan ne. Fulotinmu na yau da kullum ƙafa 50 ne da 100. Jera goma ka samu katanga mai tsawon ƙafa 500, sama da mita 150, ba ƙofa ba kafa. Na ga inda aka jera ashirin. Yaron da gidansu ke tsakiyar irin wannan layi, makarantarsa na bayan katangarsu, yana jin ƙararrawarta daga tsakar gida, amma sai ya zagaya rabin kilomita ya fita babban titi kafin ya isa.

Kakanninmu ba su yi wannan kuskure ba. Shiga tsohon gari ka gani, lungu ne ke haɗa shiyya da shiyya. Abin da za a yi shi ne a dawo da shi da awo: bayan kowane fuloti takwas zuwa goma a tsaga hanya mai faɗin mita 4 da ta ratsa daga layi zuwa layi, ta mutum da keke kaɗai. Lissafinta ba ya da ban tsoro. Zurfin fuloti biyu da suka juya wa juna baya kamar mita 61 ne, sau 4 ya ba ka murabba'in mita 244, wato kusan rabin fuloti guda. A kuma daidaita lungunan su fuskanci juna, yadda mai keke zai bi su a jere tun daga ƙarshen unguwa har makaranta bai taɓa babban titi ba. Akwai wani gari a ƙasar Holan, Hauten, da aka faɗaɗa tun shekarun 1970 a kan wannan tunani: mota sai ta fita titin da ya kewaye gari kafin ta shiga wata unguwa, keke kuwa ya ratsa ta tsakiya kai tsaye. Ba sai mun kai can ba, amma dabarar ɗaya ce.

Za a yi maka gardama biyu, kuma duk suna da gaskiya a ciki. Ta farko, lungu maɓoyar ɓarayi ce da 'yan shaye-shaye, kuma juji ne. Haka ne, idan ya yi kwana, ya yi duhu, ba mai ganinsa. Saboda haka ya miƙe sak, wanda ya tsaya a wannan baki ya hango wancan. A sa fitila a kowane baki. A ba gidajen da ke gefensa izinin fitar da ƙaramar ƙofa ko shago ta cikinsa, domin wurin da mai shayi ko tela ke zaune ba ya zama kango. Idan jama'a sun dage, a sa ƙyaure da mai gadi zai rufe bayan isha ya buɗe kafin asuba.

Ta biyu, 'yan kabu-kabu za su mayar da shi nasu. Nan ba zan yi maka ƙarya ba. Turakun ƙarfe da aka kafa a bakin lungu da tazarar mita 1.5 suna hana mota, amma ba sa hana babur. In ka matse su har babur ya kasa shiga, ka hana keken guragu da kura, ka kuma hana tsohon da ya ɗauko buhun shinkafa a kariya. Mun gwada matsewa a lungu ɗaya, cikin wata guda muka cire. Abin da ya fi aiki shi ne zama da shugaban 'yan kabu-kabun tashar da ke bakin ƙofa, aka yi yarjejeniya, aka kuma sa tudu mai laushi a kowane baki.

Awon babban titi

Mai keke yana cin faɗin kamar mita ɗaya idan yana tafiya, saboda ba ya miƙewa kamar zare. Hanyar da ke tafiya gefe ɗaya kada ta gaza mita 1.5, amma mita 2 ce ke ba mutum damar wuce kura ko uba ya jera da ɗansa. Wadda ake zuwa da dawowa a cikinta tana son mita 3.

Idan ka samu mita 18 tsakanin katangu, raba ta haka: mita 7 a tsakiya ta motoci, sai mita 1.5 a kowane gefe ta itatuwa, sai mita 2 ta keke, sai mita 2 ta masu ƙafa a bisa rufaffen lambatu. Kowane gefe keke ya bi hannun da motoci ke bi, wato dama. Idan mita 15 kawai aka bari, ba motoci 6.5, ka haɗa hanyar keke ta mita 3 a gefe guda tare da zirin itatuwa na 1.5, masu ƙafa su samu bibbiyu. Zaɓi gefen da makaranta take, ko gefen da ƙofofin gareji suka fi ƙaranci.

Abin da zai raba keke da mota ya zama abin da taya ba ta hawa: dakalin kankare mai tsayin santimita 12 zuwa 15, da itatuwa a bayansa. Farin layi kaɗai, kafin wata ya ƙare ya zama wurin ajiye mota da teburin mai kankana.

Ruwa da yashi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne 'yan kwangila ke cin kuɗi. Damina a nan gajera ce, Yuni zuwa Satumba, amma ruwan Agusta idan ya sauko kamar da bakin ƙwarya yake zuwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadama ta karya gadoji a jihar nan ba sai an yi masa bayani ba. Ruwa kan kwaso yashi ya ajiye a wuri mafi ƙasa, iskar hunturu ta ƙara nata, tayoyin mota su share na tsakiya su tura gefe. Gefen nan kuwa shi ne inda muke cewa yaro ya bi. Yashin da bai kai zurfin yatsa ba ya isa ya kayar da keke.

Don haka hanyar keke ta ɗara kwaltar motoci tsayi, kada ta zama ita ce kwari. A karkata ta kaɗan zuwa wajen lambatu, santimita 2 a kowace mita, wato hanya mai faɗin mita 2 gefe ɗaya ya fi ɗaya da santimita 4. Ido ba ya ganin wannan, ruwa yana gani. Lambatun a rufe shi da silab, a bar wuraren buɗewa don yashewa. Idan za a sa ragar ƙarfe inda ruwa ke shiga, sandunanta su gicciye hanya. In suka bi tsawonta, tayar keke za ta faɗa tsakaninsu ta cije.

Ƙarƙashin hanya ya fi samanta muhimmanci. A kwashe baƙar ƙasar sama duka, a zuba jar ƙasa mai tsakuwa kamar santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddanne da rola ko injin dannawa har sai ka taka ba ka bar sawu ba. Ka tsaya a kai da kanka ranar wannan aiki. A kashin farko an zuba intalok a kan yashi tsura, damina ɗaya ya zama kamar bayan kada.

Me za a shimfiɗa a sama? Kwalta ta fi daɗin hawa, ba tantama, sai dai ba a kawo injinta don ƙaramin aiki, saboda haka sai in an haɗa da ta babban titi a kwangila ɗaya. Intalok ya fi dacewa da sabuwar unguwa, domin shekara biyar masu zuwa kowa zai yi ta haƙa don bututun ruwa da waya, shi kuwa ana ɗaga shi a mayar. Mai kaurin santimita 6 ya isa keke, amma duk inda mota za ta tsallaka, kamar ƙofar gareji, a sa mai 8. Yashin da za a ɗora shi a kai kada ya wuce santimita 3 zuwa 5, a kuma ɗaure gefensa da dakali, in ba haka ba zai baje. Idan aljihu ya yi ƙasa, burji da aka danne da kyau ya fi babu, muddin an riga an ware filin. Kwalta za ta iya jiran shekara uku.

Wata dabara mai arha: kafin a rufe, a binne bututun roba mai faɗi a gicciye a gaban kowane fuloti biyu, a toshe bakinsa, a yi alama. Mai gidan da ya zo ja ruwa sai ya zura nasa ta ciki.

Sai gangaren ƙofar gida. Kowane mai gida yana son ya ɗaga harabarsa sama da ta maƙwabci saboda ruwa, sannan ya zubo gangaren siminti har tsakiyar hanya don motarsa ta hau. Goma irin wannan a jere, hanyar keke ta zama kunyoyin dankali. Ƙa'idar ita ce gangare ya ƙare a cikin iyakar fuloti, hanyar keke ta wuce a shimfiɗe, motar ce za ta hau ta sauka.

Mahaɗa da bakin ƙofa

Yawancin karo a mahaɗa yake faruwa. Kwanar da aka yi mata faɗi tana gayyatar direba ya sha ta da gudu, don haka a matse ta. A yanke kusurwar katangar gidan da ke kan kwana yadda mai fitowa zai hango mai zuwa, kuma kada a bar kwantena ko rumfar mai caji cikin mita 10 daga mahaɗa. Inda hanyar keke ta tsallaka ƙaramin layi, a ɗaga wurin ya zama tudu mai faɗi daidai da tsayin hanyar keken.

Babbar ƙofar rukuni ita ce wurin da ya fi ba ni tsoro. Can ne yaro ke fitowa daga unguwar da aka lallaɓa shi ya faɗa hanyar Jega ko ta Argungu, inda manyan motoci ke tafe ba birki. A yi wa keke da masu ƙafa ƙaramar ƙofarsu daban, faɗin mita 1.5 ko fiye, ba tare da dokin ƙofa da za a ɗaga keke a kai ba. Tsallakar babbar hanya kuwa ba aikin kwamiti ba ne shi kaɗai. Idan hanyar ta tarayya ce, sai an rubuta wa ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya, a kuma nemi jami'an kiyaye haɗurra su zo su duba. Fara rubutun da wuri, amsa ba ta sauri. Kafin ta zo, mu dai dattawa biyu muka sa suna tsallakar da yara safe da rana.

Inuwa

Hanyar da ba inuwa, daga Maris zuwa Mayu ba mai binta da rana. A dasa itatuwa da farkon damina, tazarar mita 6 zuwa 8, a kewaye kowanne da kwando ko bulo saboda awaki, a kuma san wanda zai ba su ruwa a ranin farko da na biyu. Dogon yaro ya san ƙasarmu, yana da saurin girma, ba ya zubar da ganye duka. Maɗaci ya fi shi kyau da daɗewa, sai dai yana son haƙuri. Ceɗiya da durumi a kai su fili, saiwarsu tana ɗaga intalok. Idan rassa sun fito a sassabe na ƙasa har mita 2.5, kada su mari mai keke.

Duk mai ƙaya a nisanta shi: bagaruwa, aduwa, kurna. Na tambayi tsohon da ke faci a bakin ƙofarmu abin da ya fi kawo masa aiki, ina zaton zai ce ƙusoshin magina. Ya ɗago tiyub daga cikin kwanon ruwa, ya nuna mini ƙananan kumfa uku a jere, ya ce, “Malam, ba ƙusa ka huda taya ba wurin ga, tsidau na.” Na ce, “To Baba, mene ne maganinsa?” Ya ce a noma shi tun yana fure, kafin ya yi 'ya'ya. Tun daga ranar muka sa noman gefen hanya cikin aikin gayya na watan Yuli da Agusta.

Fitilar sola a sa ta gajera, mita 4 zuwa 5, tsakanin itatuwa, ba ƙarƙashinsu ba, a kuma riƙa goge farantin lokacin hazo.

Inda za a jingina

Wanda aka sace wa keke sau ɗaya a ƙofar masallaci da wuya ya sake sayen wani. Mai walda na unguwa zai iya wannan aiki: bututun ƙarfe mai kaurin inci 2, a lanƙwasa shi kamar ƙofar zaure, tsayi santimita 75 daga ƙasa, tsawo 70 zuwa 100, a binne ƙafafunsa santimita 30 cikin kankare. Kowane ɗaya yana ɗaukar keke biyu, kuma ana ɗaure jikin keken da sarƙa, ba taya kaɗai ba. Tsakanin ɗaya da ɗaya mita 1, tsakaninsa da bango santimita 60. Filin da mota ɗaya ke tsayawa yana ɗaukar keke takwas zuwa goma. Kada a yarda da irin mai tsaga da ake cusa tayar gaba a ciki, yana lanƙwasa gargare, ɓarawo kuma ya kwance tayar ya tafi da sauran.

A kafa su kusa da ƙofa inda ido ke kai, a masallaci, islamiyya, firamare, asibitin unguwa da layin shaguna, a ƙarƙashin itace ko rumfar kwano, don rana tana sakin faci. A kuma ware wa mai faci ɗan wurinsa a taswira tun farko. Ko ba a ware ba zai zo, sai dai ya zauna a kan hanyar.

A rubuta, a sa hannu

Abin da ya fi kashe hanya a sabuwar unguwa shi ne ginin da ba ya ƙarewa. Yau tifar yashi, gobe bulo dubu, jibi a kwaɓa siminti a kan intalok. Sa waɗannan cikin takardar da kowane mai saye zai sa wa hannu: kayan gini a cikin fuloti, in ya zama dole a ajiye a waje to kwana bakwai, ba kwaɓa siminti a kan hanya, ba gangare, ba sokawe a wajen iyaka, wanda ya haƙa ya mayar yadda ya tarar. Mai fara gini ya ajiye wani abu a asusun unguwa, a mayar masa idan ya gama bai ɓata ba. Rumfar biki da ta zaman makoki ba a hana ta, a dai bar mita ɗaya da rabi a gefe. A kai kwafi wurin mai unguwa da uban ƙasa, domin ranar da wani mai ƙarfi zai ce lungun nan nasa ne, su za su tsaya maka. Lungunan da hanyar keke su fito a taswirar da hukuma ta amince da ita a matsayin hanyar jama'a, da faɗinsu a rubuce.

Shara kuma a ba mutum ɗaya ita da albashi daga kuɗin wata, sau biyu a sati, da kuma washegarin kowane babban ruwa. Lambatu a yashe shi a watan Mayu.

Wanda unguwarsa ta riga ta ginu, kamar kashinmu na farko, ba a rasa abin yi ba: a rushe kunyoyin siminti a yi tudun kirki, a rufe lambatu a kwanoni da gaban makaranta, a kwashe yashin gefe, a kafa ƙarafan jingina, sannan a duba ko akwai fulotin da ba a gina ba wanda mai shi zai sayar wa unguwa mita 4 daga gefensa.

Ranar karɓar aiki

Kada ka karɓi aiki daga cikin mota, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe ranar. Zo da tef, da jarkar ruwa biyu, da yaro ɗan shekara goma da kekensa, da ɗan ga-ruwa da kurarsa a cike, in da hali da mai keken guragu. Auna faɗi a wuri biyar da ka zaɓa da kanka, musamman wajen turakun lantarki, don nan ake cinye rabin mita. Zuba ruwa a tsakiyar hanya ka ga inda ya nufa. In ya tsaya, sa alli ka zagaye wurin. Ɗaga intalok ɗaya ka ga abin da ke ƙarƙashinsa. Sannan ka sa yaron gaba, ka bi shi a baya tun daga gida mafi nisa har ƙofar makaranta, ka rubuta duk inda ya sauke ƙafa ko ya waiwaya yana neman taimako. A namu mun samu wuri bakwai. Ka ba ɗan kwangila takardar, ka riƙe wani kaso na kuɗinsa a rubuce cikin yarjejeniya, ka ce masa sai bayan ruwan Agusta za a sake zagayawa.